Wa ke kiwon makiyayi? Zumuntar fastoci da iyakar ƙarfinta

A ranar 7 ga Janairun 2017, Fasto Enoch Adeboye ya sanar da naɗa wanda zai jagoranci cocin RCCG a Najeriya, shi kuma ya ci gaba da riƙe shugabancin cocin na duniya baki ɗaya. Musabbabin hakan wata ƙa'ida ce da hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, FRC, ta fitar, wadda ta iyakance wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ciki har da na addini, shekara 20 a kan kujera. Bayan kwana biyu gwamnatin Muhammadu Buhari ta sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka kuma jingine ƙa'idar. A 2020 rigimar ta sake tashi a kan sashe na 839 na dokar kamfanoni ta CAMA, wanda ya ba hukumar CAC damar dakatar da amintattun ƙungiya idan an sami almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi fatali da sashen.

A duka lokutan biyu hujjar shugabannin coci ɗaya ce: gwamnati ba ta da hurumin shiga harkar ikilisiya, domin ikilisiya tana da hanyoyinta na tsawata wa 'ya'yanta. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake nufi ita ce zumuntar fastoci, wato ƙananan rukunonin da malaman coci ke haɗuwa a ciki don su tallafi juna kuma su bi ba'asin juna. Tunda da wannan ake kafa hujja a gaban hukuma, al'amarin ya wuce na cikin coci kawai, ya zama abin da ya dace kowane ɗan ƙasa ya san yadda yake aiki.

Mene ne wannan zumunta?

Siffarta ba ta da wuyar ganewa. Fastoci kaɗan ne, galibi ba su kai goma ba, suke ɗaukar alkawarin haɗuwa a kai a kai, wasu kowane mako, wasu sau ɗaya a wata. Sukan buɗe da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, sannan kowa ya faɗi halin da yake ciki: gidansa, lafiyarsa, bashin da ke kansa, rikicin da ke tsakaninsa da dattawan ikilisiya, da jarabar da yake fama da ita. Sauran su saurara, su yi tambaya, su ba da shawara, wani lokaci su yi faɗa. Abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake kwana. A wasu wuraren akan sami mai jagorantar zama wanda ya sami horo, a wasu kuma 'yan rukunin ne ke karɓa-karɓa.

Dalilin da ya sa ake ganin fasto na buƙatar irin wannan wuri yana cikin yanayin aikinsa. Shi ake kai wa kukan aure da na rashin lafiya, shi ke binne mamaci ya kuma zauna da iyalansa, amma ba kowa zai iya kai wa nasa kukan ba. Idan ya faɗa wa ɗan ikilisiya cewa bangaskiyarsa ta yi rauni, ya raunana wanda ya dogara da shi. Idan ya faɗa wa dattawa, su ne ke da ta cewa a kan albashinsa. Idan ya faɗa wa shugabansa na gunduma, shi ne ke da alƙalamin sauya masa wurin aiki. Wanda ya rage shi ne takwaransa, mai irin nauyinsa, wanda ba ya da iko a kansa.

Masu wannan tsari suna kafa hujja da nassi. Wasiƙar Yakubu, sura 5 aya 16, ta umarci masu bi su bayyana wa juna laifofinsu, su yi wa juna addu'a. Matiyu 18 ta shimfiɗa matakan yi wa ɗan'uwa gyara, daga keɓewa da shi har zuwa kai maganar gaban ikilisiya. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti, sura 5, ta taɓo shugabanni kai tsaye: ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, ta kuma ce wanda ya nace da zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Abin lura shi ne rabin farko na wannan umarni ya fi yawo a bakin masu kare fastoci fiye da rabin na biyu.

Daga Janiba zuwa Gahini

Tsarin ya tsufa. A birnin Janiba da ke Suwizalan ta yau, dokokin coci da John Calvin ya tsara a 1541 sun wajabta wa fastocin birnin haɗuwa kowane mako don nazarin nassi, kuma duk bayan wata uku su zauna su kaɗai, a bi halin kowannensu ɗaya bayan ɗaya. Calvin kansa bai fi ƙarfin wannan zama ba.

Wanda ya fi kowa yi wa abin tsari shi ne John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist a Ingila. A watan Disamban 1738 ya rubuta ƙa'idojin wasu ƙananan rukunoni, maza daban, mata daban, masu aure daban da marasa aure, inda kowane mako ake tambayar mutum zunubin da ya aikata tun haɗuwar baya, jarabar da ta same shi, da yadda ya kuɓuta. A 1742 a birnin Bristol aka ƙirƙiro wani tsarin, na aji mai mutum goma sha biyu, kuma bashi ne ya haife shi: ana neman hanyar biyan kuɗin ginin ɗakin taro, sai aka raba mutane aji-aji, kowa ya ba da kwabo ɗaya a mako. Masu karɓar kwabon suka riƙa dawowa da labarin wanda ke shaye-shaye da wanda ke rigima da matarsa, Wesley kuwa ya gane cewa ya sami abin da ya fi kwabo daraja.

Tsarin Wesley yana da haƙora. Duk wata uku ake sabunta takardar shaidar zama ɗan ƙungiya, wanda bai gyaru ba kuma a hana shi. A 1743 Wesley ya kori mutum 64 a Newcastle, 17 daga cikinsu saboda buguwa, ɗaya saboda dukan matarsa. Masu wa'azinsa ma ba su tsira ba, domin taron shekara-shekara da aka fara a 1744 ya zo ya ɗauki al'adar kiran sunan kowane mai wa'azi, a tambayi zauren ko akwai mai ƙorafi a kansa.

Afirka ma ta ba da nata gudummawar. Farkawar da ta tashi daga Gahini a Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu zuwa Yuganda, Kenya da Tanganyika, an gina ta ne a kan tarurrukan zumunci inda mutum ke furta laifinsa a gaban 'yan'uwa, ya mayar da abin da ya sata, ya nemi gafarar wanda ya zalunta. Mabiyanta, da ake kira Balokole, ba su ware malami da almajiri ba, ba su kuma ware Bature ɗan mishan ba, abin da ya jawo musu fushin shugabannin coci. A 1941 kwalejin horar da malamai ta Mukono a Yuganda ta kori ɗalibai sama da ashirin saboda sun ƙi daina tarurrukansu na asuba. Daga wannan farkawa Janani Luwum ya fito, babban bishop ɗin da ya fuskanci Idi Amin da maganar kashe-kashe, aka kashe shi a Fabrairun 1977.

A ɓangaren Katolika akwai 'yan'uwantakar limamai ta Jesus Caritas, wadda ta fara a Faransa a farkon shekarun 1950 bisa koyi da Charles de Foucauld, malamin da ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasset har aka kashe shi a 1916. Limamai kaɗan ne ke haɗuwa sau ɗaya a wata, kowa ya bi rayuwarsa ta watan a gaban sauran.

A zamanin baya-bayan nan, labarin da aka fi ambata shi ne na Billy Graham. A 1948, a garin Modesto da ke jihar Kalifoniya, shi da abokan aikinsa uku, Cliff Barrows da George Beverly Shea da Grady Wilson, suka zauna suka lissafa abubuwan da ke kayar da masu wa'azi. Suka yi alkawari a kan abu huɗu: ba za su riƙa taɓa kuɗin baiko yadda suka ga dama ba, ba za su keɓe da macen da ba matarsu ba, ba za su riƙa sukar cocin garin da suka je ba, kuma ba za su ƙara gishiri a yawan mutanen da suka halarci taronsu ba. Duniya ta riƙe na biyun, har ake kiran sa ƙa'idar Billy Graham, amma na kuɗi da na ƙarin gishiri sun fi shafar abin da ake gani a yau.

Yana rage nauyi?

Bayanan da aka tattara a Amurka sun nuna girman matsalar da ake son magancewa. Cibiyar bincike ta Barna ta gano cewa a Janairun 2021 kashi 29 cikin ɗari na fastocin Furotesta sun yi tunanin barin aikin da gaske. A Maris 2022 adadin ya kai kashi 42. Daga cikin masu wannan tunani, kashi 56 sun ambaci tsananin matsin aiki, kashi 43 kuma kaɗaici. Tun kafin nan, shirin lafiyar malaman coci da jami'ar Duke ta fara a 2007 ya gano cewa ciwon damuwa a tsakanin fastocin Methodist na jihar North Carolina ya kai kusan ninki biyu na sauran jama'ar ƙasar. Gidauniyar Lilly ta zuba kuɗi masu yawa tun 2002 wajen kafa rukunonin fastoci a faɗin ƙasar.

Sai dai masu binciken Duke ɗin da suka auna tasirin rukunonin sun sami sakamako mai sanyaya gwiwar masu zumuɗi: akwai amfani, amma ba mai yawa ba ne, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wannan bai zo da mamaki ba. Zaman da aka tilasta wa mutum, ko wanda ke cike da abokan takarar kujera ɗaya, yakan koma dandalin alfahari da yawan mambobi da girman gini. Ba wanda zai buɗe cikinsa a gaban mai jiran ya faɗi.

A arewacin Najeriya nauyin yana da wata kama. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Mafi yawan 'yan matan Chibok 'ya'yan wannan coci ne. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na Michika, aka kashe shi. Faston da ya binne mambobinsa, ya yi gudun hijira tare da su, aka kuma sa ran ranar Lahadi ya tsaya ya yi wa'azin sa zuciya, yana buƙatar wurin da shi ma zai yi kuka ba tare da an ce bangaskiyarsa ta gaza ba. A wannan fuska amfanin zumunta a fili yake.

Inda igiyar ke tsinkewa

Matsalar tana ɓangare na biyu, wato bin ba'asi. Rukunin takwarori ba ya sanin komai sai abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Yana taimakon mai gaskiyar da ke tsoron zamewa. Wanda ya riga ya ƙudurta ɓoye abu kuwa, zai zo zama, ya furta ƙaramin laifi da hawaye, ya tashi da shaidar cewa yana ƙarƙashin kulawar 'yan'uwa.

Ravi Zacharias, mashahurin mai kare addinin Kirista da ya rasu a Mayun 2020, ya taɓa bayyana a rubuce cewa al'adarsa ce ba ya keɓewa da macen da ba ta gidansa ba. Ya faɗi haka ne a 2017, lokacin da wata mata 'yar Kanada ta zarge shi, aka kuma rufe maganar da yarjejeniyar yin shiru. Ɗariƙar da ta naɗa shi ta duba batun ta ce ba ta ga dalilin hukunci ba. A Fabrairun 2021, bayan mutuwarsa, binciken da wani kamfanin lauyoyi na waje ya gudanar ya tabbatar da cewa ya daɗe yana cin zarafin mata masu aikin tausa. A cocin Mars Hill da ke Seattle akwai kwamiti na musamman mai ɗauke da sunan bin ba'asi, duk da haka sai da tsofaffin fastoci 21 suka rubuta ƙorafi a kan zalunci da cin fuska kafin Mark Driscoll ya sauka a Oktoban 2014.

Mafi munin misali shi ne na John Smyth, lauya mai wa'azi a sansanonin matasan Kirista a Ingila. Tun 1982 wani fasto ya rubuta rahoto a kan irin dukan da yake yi wa samari har jini ya zuba, kuma wasu 'yan tsirarun malaman coci sun karanta shi. Ba su kai wa 'yan sanda ba. Suka bar shi ya tafi Zimbabuwe a 1984, inda ya buɗe wasu sansanonin, kuma a 1992 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 a ɗayansu. Rahoton Keith Makin da ya fito a Nuwamban 2024 ya ce waɗanda abin ya shafa sun haura ɗari, kuma 'yan kwanaki bayan fitarsa babban bishop na Canterbury, Justin Welby, ya sanar da murabus. A wannan labari 'yan'uwa sun sani, sun tattauna a tsakaninsu, sun ba da shawara a asirce, kamar yadda tsarin ya tanada. Sirrin da ke kare faston da ya gaji shi ne ya kare Smyth, yaran Afirka kuma suka biya kuɗin.

Darasin da wasu coci suka ɗauka shi ne raba ayyukan biyu. Bayan binciken 2015 da ya tono tsofaffin ƙorafe-ƙorafe kusan 1,900, cocin Methodist na Birtaniya ya wajabta wa kowane malami zama da mai sa ido wanda ya sami horo, sau da dama a shekara, tare da ajiye bayani a rubuce. Hukumar bincike ta Ostireliya a kan cin zarafin yara ta ba da shawara makamanciyar wannan a 2017. Ka'idar da ta fito daga nan ita ce, alkawarin sirri yana ƙarewa a inda laifi ya shafi wani mutum, musamman yaro.

Yadda abin yake a Najeriya

Tsofaffin ɗariƙun arewa suna da tsari mai matakai. ECWA, da aka kafa a 1954, tana da majalisu huɗu daga ikilisiya ɗaya zuwa ƙasa baki ɗaya, waɗanda mambobinta suka sani da LCB, LCC, DCC da GCC. EYN da COCIN da sauran 'yan TEKAN, tarayyar da ta samo asali a 1955, suna da irin nasu. A waɗannan coci ana iya sa fasto a horo, a dakatar da shi, ko a karɓe takardarsa. Rauninsu shi ne wanda aka sani a duk wata hukuma: sauƙin sauya wa mai laifi wurin aiki maimakon hukunta shi, da kuma yadda zaɓen shugabanni ke mayar da takwarori abokan hamayya, har taron fastoci ya zama wurin da kowa ke kame bakinsa.

A ɓangaren cocin Fentikos masu zaman kansu lamarin ya sha bamban. Wanda ya kafa coci shi ne yakan naɗa kwamitin amintattu, sau da yawa da iyalinsa a ciki. Abin da ke tsaye a matsayin bin ba'asi shi ne uba na ruhaniya, wani babban fasto da mutum ya zaɓa da kansa, wanda kuma zai iya sauyawa ranar da ya ji maganar da ba ta yi masa daɗi ba. Ƙungiyar PFN da aka kafa a 1985, kamar CAN ta 1976, taron ganin dama ce. Ba ta ba da lasisi, ba ta kuma iya rufe coci.

An ga iyakar ƙarfinta a 2019, lokacin da wata mai sana'ar ɗaukar hoto ta zargi Fasto Biodun Fatoyinbo na cocin COZA da yi mata fyaɗe tun tana ƙarama, zargin da ya musanta. PFN ta kafa kwamiti, daga baya ta sanar cewa binciken bai kammala ba saboda faston bai bayyana a gabansa ba. A Nuwamban shekarar kotu a Abuja ta yi watsi da ƙarar matar bisa dalilin cewa lokacin shigar da ita ya wuce. Ba kwamiti ba kotu da ta yanke hukunci a kan ainihin zargin.

Labarin T.B. Joshua ya nuna ɗaya ɓangaren. PFN ta yi shekaru tana ƙin karɓar sa, wanda shi ne hukunci mafi girma da ke hannunta, amma hakan bai hana cocinsa bunƙasa ba. A Satumban 2014 masaukin baƙi na cocin ya rufta a Legas, mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. Zarge-zargen cin zarafi da azabtarwa da tsofaffin almajiransa suka yi sun fito a sarari ne a Janairun 2024, ta hanyar binciken sashen Africa Eye na BBC, shekara biyu da rabi bayan rasuwarsa. Cocin ya ce irin waɗannan zarge-zarge ba su da tushe. A kusan duk misalan da aka ambata, waɗanda aka zalunta da 'yan jarida da lauyoyin waje ne suka fasa ƙwan, takwarori suka biyo baya.

Wasu ƙasashen Afirka sun gwada mayar da bin ba'asin takwarori doka. A Afirka ta Kudu, bayan an ga fasto na sa mabiyansa cin ciyawa, wani kuma na fesa musu maganin ƙwari a fuska, hukumar kare haƙƙin al'ummomin addini da al'adu, CRL, ta ba da shawara a 2017 cewa a kafa kwamitocin malamai masu ikon yi wa 'yan'uwansu rajista da soke ta. Coci da dama suka ce wannan hannun gwamnati ne a cikin rigar malamai, majalisar dokoki kuma ba ta mayar da shawarar doka ba a lokacin. Ruwanda ta bi ta ƙarfi: a 2018 ta rufe dubban wuraren ibada, ta kuma yi dokar da ta buƙaci shugaban coci ya mallaki digiri a ilimin tauhidi. A Kenya, sai da aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola a 2023, na mabiyan Paul Mackenzie da ake zargin ya umarce su da azumi har mutuwa, sannan Shugaba William Ruto ya kafa kwamitin duba dokokin ƙungiyoyin addini. Wanda aka ba shugabancin kwamitin, Mutava Musyimi, shi ma rabaran ne.